Awakin Tatsa: Wane Iri Ne Ya Dace da Ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum?

An shirya wannan takarda ne domin hakimai da magatakardansu na masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum, a yammacin Jihar Zamfara. Dalilin shirya ta kuwa shi ne, tun wajen shekarar 2011 satar shanu da ta'adin 'yan bindiga suka raba gidaje da yawa da garkunansu, makiyaya masu kawo nono kasuwa kuma da dama suka yi ƙaura. Sai ya zamana nonon shanu, wanda a da ba a rasa shi a kasuwar ƙauye, ya yi wuya ya kuma yi tsada, ƙananan yara kuwa su ne suka fi jin jiki. Dabbar da ta rage a hannun talaka, wadda ake iya ɗaure ta a tsakar gida a kwana tare da ita, ita ce akuya.

To, idan hukuma ko ƙungiyar agaji ta zo da niyyar raba awaki, ko kuwa wani ɗan kasuwa ya zo yana yabon akuyar ƙetare mai cika ƙwarya da madara, wurin hakimi ake fara zuwa neman shawara. Shawarar nan ba ƙaramin abu ba ce, domin galibin awakin karkara na mata ne, kuma sau da yawa su ne dukan abin da mace ta mallaka. Idan aka sa ta ta sayar da awakinta uku ta sayi guda wadda ba za ta ga ƙarshen bazara ba, an yi mata ɓarnar da za ta daɗe ba ta farfaɗo ba. Saboda haka ya kamata hakimi ya san halin kowane iri kafin ya buɗe baki.

1. Ma'aunin da ake gwada akuyar tatsa da shi

Mai talla abu ɗaya yake faɗi, watau yawan madarar da akuya ke bayarwa a yini. Amma mai hankali abubuwa biyar yake dubawa. Na farko, yawan madarar a yini. Na biyu, kwana nawa take yi ana tatsarta bayan ta haihu. Na uku, yawan haihuwarta da yawan 'ya'yan da ke rayuwa. Na huɗu, abin da take ci da ruwan da take sha. Na biyar, jimirinta ga zafi da cututtukan ƙasar da za ta zauna.

Ma'auni na biyar shi ne ya fi nauyi a wannan yanki. Ruwan sama yakan sauka ne daga wajen watan Mayu ko Yuni zuwa Satumba ko Oktoba, sauran watannin kuwa rani ne. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40 har ya zarce, ciyawa ta ƙare, harawa ta yi tsada. Da damina kuma sai a ɗaure awaki a turke saboda gonaki, kaska da tsutsar ciki su yawaita, musamman a fadamun kogin Zamfara da Gulbin Ka. Akuyar da ba ta iya tsallake waɗannan lokuta biyu, komai girman hantsarta, ba ta da amfani ga talaka.

Domin sauƙin lissafi, a riƙa tunawa ledar ruwan sha da ake sayarwa a kasuwa rabin lita take ci.

2. Awakin gida

Jar akuyar Sakkwato. Ita ce akuyar da ta fi yawa a gidajen wannan yanki, kuma ita ce a Jamhuriyar Nijar ake kira jar akuyar Maraɗi. Gashinta gajere ne mai sheƙi, ja wur kamar jan goro, kunnuwanta gajeru, namiji da mace duka suna da ƙaho. Tsayinta a kafaɗa wajen santimita 60 ne, nauyin uwa kuwa kilo 25 zuwa 30. Madararta rabin lita ce zuwa lita guda a yini, ana tatsarta kamar wata uku zuwa huɗu. Da damina ta fi bayarwa, da rani ta ragu. Madarar tana da kauri, man da ke cikinta yakan kai kashi 5 cikin 100. Babban alherinta shi ne haihuwa. Tana karɓar bunsuru a kowane lokaci na shekara, cikinta wata biyar ne, tagwaye ba baƙon abu ba ne gare ta, kuma idan tana ƙoshi takan haihu sau uku cikin shekara biyu.

Ban da wannan, fatarta ta yi suna a duniya tun zamanin fatake. Ita ce ake jemewa a Kano da Sakkwato a ratsa Sahara da ita, Turawa su saye ta a tashoshin Arewacin Afirka su kira ta fatar Maroko, suna yin bangon littattafai da safar hannu da ita. Saboda darajar fatar nan, a zamanin mulkin Turawa an riƙa fiɗiye bunsuran da ba ja ba don kada irin ya gauraya. A Nijar kuma an kafa cibiyar kiwon wannan akuya a Maraɗi a shekarar 1963, inda ake zaɓen nagari ana yaɗa su cikin ƙauyuka. Mutanen Maraɗi sun daɗe suna tatsar jar akuya suna dama fura da madararta. Akuyar ɗaya ce, ƙasar ma kusan iri ɗaya ce. Abin da ya bambanta kawai shi ne can an saba tatsa, nan kuwa ba a saba ba sosai.

Buzuwa. Wannan ita ce akuyar Sahel, wadda Buzaye da Fulanin arewa ke kiwo, kuma akan gan ta a kasuwannin yankin idan fatake sun kawo. Doguwa ce mai dogayen ƙafafu da siririn jiki, tsayinta yakan wuce santimita 70, kunnuwanta sun fi na ja tsawo, launinta fari ko roɗi-roɗi. Farar akuyar Barno ma danginta ce. Wajen madara ta ɗara ja, domin takan ba da kusan lita guda a yini har wata huɗu. Tana jimre ƙishirwa da doguwar tafiya, tana kuma miƙa wuya ta ci ganyen da ja ba ta kai wa. Amma galibi ɗa guda take haifa, kuma laima ba ta karɓe ta ba. Idan aka ɗaure ta a turke cikin caɓi da damina, tsutsar ciki da ciwon huhu da ruɓewar kofato sukan kayar da ita da sauri. Ta dace da gidan da ke kan tudu mai yashi, mai rumfa busasshiya. Ba ta dace da garuruwan bakin fadama ba.

Gajerar akuyar kurmi. Ita ce ta Kudancin Nijeriya, tsayinta bai cika wuce santimita 50 ba. Tana jimre sammore, tana haifar tagwaye har da 'yan uku, amma madararta da ƙyar take isar 'ya'yanta. Ba akuyar tatsa ba ce, an ambace ta ne kawai don kada a ruɗe da yawan haihuwarta.

3. Awakin ƙetare

Sanen. Asalinta ƙasar Suwizalan ce, cikin duwatsu masu sanyi. Fara ce fat, babba, nauyin uwa yakan kai kilo 60 ko fiye. Babu akuyar da ta fi ta madara: a Turai takan ba da lita 3 ko fiye a yini har wata tara zuwa goma, watau wajen lita 800 a haihuwa guda. Sai dai madarar ba ta da kauri, manta bai cika wuce kashi 3 da rabi cikin 100 ba. Fatarta kuma fara ce, rana tana ƙona ta, musamman a hantsa da hanci da kunne. Idan zafi ya tsananta sai ta rage cin abinci, madara ta faɗi.

Alfin da Togenbag. Alfin an fi kiwonta a Faransa, launinta iri-iri ne, madararta tana kusa da ta Sanen, kuma ta ɗan fi ta ƙarfin jiki. Togenbag kuwa ta Suwizalan ce, ruwan ƙasa-ƙasa, da fararen layuka biyu a fuska, madararta ta ɗan gaza ta Sanen. Dukansu na ƙasar sanyi ne. Wani halinsu kuma shi ne, a ƙasashensu lokaci guda suke karɓar bunsuru, idan yini ya soma gajarta, saboda haka sau ɗaya suke haihuwa a shekara.

Angulo-Nubiya. An samo ta ne a Ingila a ƙarshen ƙarni na 19, da aka haɗa awakin Ingila da bunsuran da aka kawo daga Indiya da ƙasashen gabas. Ana gane ta da dogayen kunnuwa masu reto da ƙundumin hanci mai tudu. Madararta ba ta kai ta Sanen yawa ba, amma ta fi ta kauri, manta yakan kusa kashi 5 cikin 100. Cikin awakin Turai ita ce ta fi jimre zafi, kuma tana da jiki, 'ya'yanta maza suna kuɗi wajen mahauta.

Shamiya. Akuyar ƙasar Sham ce, ja-ja mai dogon gashi da dogayen kunnuwa. Ta saba da zafi da fari, kuma idan tana samun kulawa takan ba da lita biyu ko fiye a yini. Amma babba ce mai ci, ba ta kuma san cututtukan daminar Afirka ta Yamma ba.

A nan akwai gargaɗi. Akwai wata akuyar Afirka ta Kudu da ake kira Bowa, fara mai jan kai, ƙatuwa mai ban sha'awa, da 'yar'uwarta jar Kalahari. Waɗannan na nama ne, ba na tatsa ba. Duk wanda ya zo da su yana cewa awakin madara ne, ko dai bai sani ba, ko kuwa yana nufin zamba.

4. Kwatanci da lissafi

Ga misali domin magatakarda ya gwada da alƙalaminsa. Akuya tana cin busasshen abinci gwargwadon nauyinta. Jar akuya mai kilo 25 wajen kilo guda take ci a yini, Sanen mai tatsa kuwa kilo biyu da rabi zuwa uku. Ke nan abincin Sanen guda zai riƙe jajaye kusan uku. A ɗauka mace tana da jajaye uku, kowace ta haihu sau uku cikin shekara biyu, ana tatsar rabin lita a yini har kwana 100. Haihuwa tara ke nan, madara lita 450. Sanen guda a Turai cikin shekara biyun nan za ta ba da wajen lita 1,600.

Gaskiya ita ce, a kan takarda Sanen ta yi nisa, ko da zafi ya rage rabin madararta. Amma lissafi bai ƙare a nan ba. Sanen ba ta ba da wannan madara da kara da busasshiyar ciyawa. Sai da harawar gyaɗa ko ta wake mai kyau, da dusa, da angurya ko tunkuza kowace rana, da ruwa mai tsabta lita 10 ko fiye a lokacin zafi, da rumfa mai iska, da likitan dabbobi a kusa. Duk waɗannan kuɗi ne, kuma a bazara ake bukatarsu, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Jajayen uku kuwa suna rayuwa da kowa da ƙaiƙayi da 'ya'yan gawo da ɗan abin da suka tsinta. Cikin haihuwa tara, idan rabinsu tagwaye ne, an sami 'ya'ya goma sha uku ko sha huɗu, alhali Sanen ba za ta wuce huɗu ba. Idan jajayen ba su haihu lokaci ɗaya ba, gidan ba zai daɗe babu madara ba. Idan ɗaya ta mutu, saura biyu. Idan Sanen ta mutu, an tashi a tutar babu. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abu ɗaya kuma da za a kiyaye: madarar da aka tatsa daga bakin ɗan akuya aka ɗauke ta. Kada a tatsa a makon farko, a bar ɗan ya sha dakashi ya yi ƙarfi. Uwar tagwaye kuwa kada a tatse ta ƙarƙaf. Hanya mai sauƙi ita ce a raba uwa da ɗa da dare, a tatsa da safe, a bar shi ya sha da rana.

5. Batun haɗa iri

Inda ake son ƙarin madara, ba dole ba ne a sayo uwa daga ƙetare. Bunsuru guda na irin madara ya isa ya yi wa awaki talatin ko fiye barbara. 'Ya'yan da aka haifa, rabi ƙetare rabi gida, sukan fi uwayensu madara, kuma sukan gaji wani abu na jimirinsu. An gwada wannan hanya a yankin Meru na ƙasar Kenya tun daga shekarar 1996, inda ƙungiyoyin ƙananan manoma suka riƙa ajiye bunsuran Togenbag suna haɗa su da awakin gida, aka kuma horar da mutanen ƙauye kan kula da lafiyar dabbobi. Sai dai a lura, ƙasar Meru tana gindin Dutsen Kenya, ta fi Bukkuyum sanyi da ɗanyar ciyawa. Abin koyi daga can shi ne tsarin, watau bunsuru na jama'a da mai kula da shi da rajista, ba lalle irin akuyar ba.

A ƙasa mai zafi kamar wannan, abin da ya fi aminci shi ne kada jinin ƙetare ya wuce rabi, kuma a fifita irin da ya saba da zafi, kamar Angulo-Nubiya. A sani kuma haɗa iri yana ɓata jar fatar da aka san yankin da ita. Saboda haka kada a saki baƙon bunsuru ya bi gari; a tsare shi a gida guda, mai so ya kai akuyarsa. Kafin a kawo kowane bunsuru, a nemi shawarar ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta daɗe tana nazarin jar akuya.

Akwai kuma gyaran da ba ya cin ko kwabo. A cikin jajayen gari guda, wata tana ba da ninkin abin da wata ke bayarwa. Al'adar da aka saba ita ce a sayar da ƙaton bunsuru don biki ko salla, a bar ƙanana marasa kirki suna barbara. Idan aka juya wannan, aka riƙa barin ɗan akuyar da ta fi madara ya zama bunsurun gari, aka fiɗiye sauran, aka kuma riƙa musanya bunsuru da wani ƙauye bayan shekara ɗaya ko biyu don kada ya hau 'ya'yansa, irin zai riƙa gyaruwa sannu a hankali.

6. Lafiyar akuya da tsabtar madara

Babbar annobar awaki da tumaki ita ce wadda likitoci ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo. An fara gane ta a ƙasar Kwaddebuwa a 1942, kuma a 2015 hukumomin duniya suka ƙulla niyyar kawar da ita zuwa shekarar 2030. Tana da allurar rigakafi, wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ke yi. Sau da yawa daga kasuwa ake kwaso ta, don haka duk akuyar da aka sayo, daga Gummi ne ko daga Nasarawar Burkullu ko daga nesa, a ware ta mako uku kafin ta shiga cikin na gida.

Madara kuwa tilas a tafasa ta kafin a sha, saboda ciwon bakkale, mai sa dabba ɓari, yana kama mutum ta ɗanyar madara. Jariri ɗan ƙasa da wata shida ba a ba shi komai sai nonon uwa, kuma madarar akuya ba ta maye gurbin nonon uwa ga yaron da bai cika shekara ba. Amfaninta yana ga yaran da suka wuce wannan, da masu ciki da masu goyo da tsofaffi.

Wannan yanki yana da wani hatsari nasa na daban. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Yargalma, sanadin niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, yara fiye da 400 suka rasu. Akuya dabba ce mai lasar ƙasa, dalma kuwa tana iya fita ta madara, kuma tafasawa ba ta kawar da ita. Saboda haka kada a ɗaure akuyar tatsa inda ake niƙa ko wanke dutsen zinariya, kada kuma ta sha daga kududdufin da ake wankin.

7. Aikin hakimi da magatakarda

Gani ya kori ji. Hanyar da za a san nagartar awakin gunduma ita ce rajista. Magatakarda ya ware littafi guda, ya zaɓi gidaje goma ko ashirin a kowane ƙauye ta hannun dagaci, ya ja layuka kamar haka: sunan mai akuya da ƙauyenta, irin akuyar da launinta, shekarunta, ranar haihuwa da yawan 'ya'ya, madarar safiya, a auna sau ɗaya a mako da mazubi guda, ranar da madara ta ƙafe, wadda ta mutu da abin da ya kashe ta. Shekaru kuwa da haƙoran gaba na ƙasa ake gane su: manyan haƙora biyu, ta wuce shekara guda, huɗu, wajen shekara biyu, shida, wajen uku, takwas, ta cika girma.

Tun da awakin na mata ne, a nemi wata dattijuwa amintacciya a kowace unguwa ta riƙa shiga gidaje tana aunawa, ta kawo wa magatakarda. A kuma bayyana wa jama'a tun farko cewa wannan ƙidaya ba ta haraji ba ce, domin muddin aka zaci haka za a ɓoye awakin.

Hakimi kuwa, idan masu rabon awaki suka zo, ya tambaye su abu huɗu: wane iri ne, daga wace ƙasa aka taso da su, an yi musu rigakafi, kuma me za su ci a watan Afrilu. Idan amsar ta ƙarshe ba ta fito ba, ya ba da shawara a raba jajaye. Ya kuma hori talakawa su adana harawa a kan rumfa tun kaka, su bar itatuwan gawo a gonaki, su ɗaga wa awaki wuri busasshe kafin ruwa ya sauka.

A taƙaice, jar akuyar Sakkwato ita ce tushen da za a gina a kai a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum. Buzuwa tana da wurinta a kan tudu. Jinin ƙetare ya shigo ta bunsuru, kada ya wuce rabi, kuma sai a gidan da ya tanadi abinci. Tsantsar Sanen da 'yan'uwanta a bar wa mai hali da ke kusa da likitan dabbobi. Gundumar da ta riƙe rajistarta shekara biyu cif za ta san awakinta da hujja, ba da ji-ta-ji-ta ba.

Allah ya ba da zaman lafiya da damina mai albarka, amin.